Yadda zaki zaɓi kalar kabinet ɗin teburin tsakiyar kicin ɗinki

Teburin nan da ake kafawa a tsakiyar kicin, wanda masu haɗa kabinet suke ce ma ailan, yanzu kusan duk sabon ginin da kika shiga a Abuja ko Kano ko Kaduna in dai kicin ɗin nada faɗi sai kin ganshi, kuma gaskiya abu ne mai amfani, a kansa ake yanka albasa, a kansa ake murza fulawar cincin, yara su zauna su karya kafin a wuce makaranta, ƙasansa kuma durowoyi ne da wajen ajiye tukwane. Inda ake yawan samun matsala wajen kala ne. Mace zata ga hoto a Instagram ko Pinterest, ailan baƙi wuluk sai sheƙi yake, ta tura ma kafinta tace ita irin wannan take so sak, a zuba kuɗi masu yawa a haɗa, wata biyu da tarewa sai kiji tana cewa ita fa kicin ɗin nan baya mata daɗin shiga kuma ta rasa dalili. Dalilin bashi da nisa. Hoton nan a wani gida aka ɗauke shi, da wani haske daban, da wani tayil daban, kuma galibi a ƙasar da basu san ƙurar hunturu ba balle suyar manja.

Shi yasa duk wadda ta tambaye ni shawara abu ɗaya nake fara gaya mata, kalar ailan ita ce ta ƙarshe da za'a yanke, kuma a tsaye cikin kicin ɗin naki za'a yanke ta, da guntun allon a hannunki.

Ki fara duba abubuwan da bazasu canja ba. Tayil ɗin ƙasa shine na farko, saboda kabinet ɗin bango yana jingine da bango ne, shi kuwa ailan tsaye yake shi kaɗai a tsakar ɗaki kuma ta kowane gefe tayil ne ya zagaye shi, dan haka kalar da tafi kusa dashi ita ce ta ƙasa. Tayil kuma ko da ance miki fari ne ko ruwan toka ne, akwai wata kala ɓoyayya a ƙarƙashi, wani yana ɗan karkata wajen ruwan ɗorawa, wani wajen ruwan hoda, wani wajen shuɗi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ki samu farar takarda irin ta fotokofi ki shimfiɗa a kan tayil ɗin da rana, nan take zaki ga inda ya karkata tunda idonki ya samu fari na gaskiya da zai gwada dashi. In kinga yana ja wajen ruwan madara ko ruwan ƙasa to danginsa su ne kalar katako, ruwan zuma, kore irin na ganyen zaitun, ruwan makuba. In kuma yana ja wajen shuɗi ko ruwan siminti to nebi bulu wato shuɗi mai duhu, ruwan toka mai duhu, fari tas, su zasu zauna dashi lafiya. Mafi yawan kicin ɗin da zaki shiga kiji wani abu bai yi ba amma ki kasa cewa ga shi, to a nan aka samu saɓani, an ɗora ruwan toka mai sanyi a kan tayil ruwan madara, sai tayil ɗin ya koma kamar mai datti alhali yanzu aka goge shi.

Bayan tayil sai dutsen da za'a shimfiɗa a sama. Ki zaɓi dutse kafin ki zaɓi allo, domin kalolin allo suna da yawa sosai, na dutse kuwa ƙalilan ne zaki samu a kasuwa, ya fi sauƙi ki nemo allon da ya dace da dutse akan ki nemo dutsen da ya dace da allo. In granait ne mai ɗigo ɗigo ko mabul mai jijiyoyi, ki matsa kusa ki kalli kalolin da ke ciki, ki ciro ɗaya daga cikinsu ki ba ailan ɗin, in jijiyar ruwan toka ce ki tafi wajen toka, in ruwan gwal ce ko ruwan ƙasa ki tafi wajen katako. Dutse mai hayaniya yana son kabinet mai shiru, dutse mai kala ɗaya kuma zai ɗauki allo mai zanen katako ba damuwa. Kuma tunda maganar ta zo, farin mabul na asali yana da kyau amma lemon tsami da tsamiya da tumatir suna cin fuskarsa su dusashe sheƙin, yana kuma shan tabo, ga wadda take girki kullum granait ko kwaz, wato dutsen da ake haɗawa a kamfani, yafi kwanciyar hankali.

Sai tambayar da kowa ke yi, a yi ailan kala ɗaya da sauran kabinet ko a bambanta? Girman kicin ne zai baki amsa. Tsakanin ailan da kabinet ɗin bango ana son a bar fili aƙalla santimita 100 ta kowane gefe, in mutum biyu ke girki tare ko akwai mai taya aiki to 120 yafi, dan a buɗe oban ko durowa wani ya wuce ta baya. In filinki da ƙyar ya kai wannan, ki bar ailan ɗin kala ɗaya da sauran ko ma ya ɗan fi su haske, saboda abu mai duhu a tsakiyar ƙaramin ɗaki yana cika ido ya ƙara matse wajen. In kuma kicin ne wadatacce, ko irin na yanzu da ake buɗe shi ya haɗe da wajen cin abinci, to nan bambantawa take kyau, na bango su zama masu haske, ailan ya ɗauki kala mai nauyi, sai ya zama shine abin kallo in an shigo. Masu tsara ɗaki suna da wani ma'auni da suke cewa 60, 30, 10, wato kashi 60 babbar kala, 30 ta biyu, 10 ta ado irin su hannun durowa da fitila, ailan yakan faɗa cikin kashi 30 ɗin nan. Ba sai kin ɗauko abin awo ba, abinda ake nufi kawai kar manyan kaloli su wuce uku, kuma ki tuna firiji da gas da tayil ɗin bango suma kala ne, ana ƙirga su.

Amma in zaki bambanta ki bambanta sosai. Ruwan toka mai haske a bango da wani ruwan toka da ya ɗan fishi duhu kaɗan a tsakiya, duk wanda ya gani zai ɗauka allo ne ya ƙare aka ciko da wani.

To yanzu bari mu zo kan ƙura da mai, wanda ni a wajena nan ne asalin maganar. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu har cikin Maris kowa ya san yadda gari yake, ki goge waje da safe kafin la'asar ya yi fari fat ko da tagogi a rufe. Ƙurar hunturu fara-fara ce mai ɗan ja, dan haka a kan baƙi da nebi bulu da ruwan hanta take fi fitowa, har yatsa zaki iya sawa kiyi rubutu. Na gani da idona a gidan yayata, ailan ɗinta nebi ne mai sheƙi, da damina kamar a hoto, amma hunturu na shigowa sau uku ake goge shi a rana kuma duk da haka in baƙi sun shigo sai ta ɗauki tsumma, abin har ya zame mata damuwa, ga shatin hannun yara ko ina tunda su daidai tsayinsu marafen suke. Fari kuma nasa ciwon daban, yana ɓoye ƙura sosai amma baya ɓoye manja, baya ɓoye kori da kurkur, baya ɓoye zoɓo, kuma ailan shine wajen da aka fi taɓawa a duk kicin, ƙafar mai zama a kujera tana dukansa, gwiwa tana gogarsa, ruwan mofa yana fallatsar ƙasansa. Farin fenti mai mai kuma yana komawa ruwan ɗorawa in ya daɗe, musamman inda haske baya kaiwa sosai.

Kalolin da na ga sun fi jure rayuwar gidajenmu su ne na tsaka-tsaki. Ruwan toka mai ɗan ɗumi wanda ya karkata wajen ruwan ƙasa, kore mai sanyi wanda bai yi tsanwa shar ba, shuɗi mai ɗan toka toka, sai kuma uwa uba allo mai zanen katako ruwan zuma ko wanda ya ɗan fi haka duhu. Shi zanen katakon nan yana haɗiye ƙura da ɗan ƙarzane da shatin yatsa saboda ido yana bin layukan ne baya tsayawa kan tabo, kuma yana shiga da farin kabinet da ruwan madara da ruwan toka duka, shi yasa in mutum ya ruɗe gaba ɗaya nake cewa ki sa na bango ruwan madara ki sa ailan kalar katako, da wuya ki yi nadama. Ba wai ina hana ki baƙi ko nebi bane, in ranki na so kuma kina da mai goge miki ko ke kanki baki gajiya da tsumma, ki saka abinki, suna da kwarjini ba ƙarya, sai dai ki shiga da saninki. Haka in gidan naki irin mai kicin biyu ne, ana suya da tuwo da girkin taro a na waje, na ciki sai shayi da indomi da ɗumame, to ke kina da sarari, har fari tas zaki iya.

Kala ɗaya kuma tana iya zama abu biyu dangane da fuskar allon. Akwai mai sheƙi kamar madubi, akwai marar sheƙi da suke ce ma mat, akwai na tsakiya. Mai sheƙi yana maido haske, yana taimakon kicin mai duhu, maiƙo baya kama shi sosai shafa ɗaya ya fita, amma duk yatsan da ya taɓa sai ya nuna, ƙarzane ma haka, kuma a kala mai duhu abin yafi muni. Mat yana ɓoye ƙarzane da ƙura amma wani nau'insa in maiƙo ya taɓa sai ya bar inuwa da sai an sa ruwan ɗumi da sabulun wanke wanke. Abinda nake bi shine, kala mai haske zata iya ɗaukar sheƙi, kala mai duhu a ailan gara mat ko na tsakiya. Kuma kar a goge ko wanne da soson ƙarfe, ko sau ɗaya ne ya gama dashi.

Ki tambayi kafinta tun farko ma, allo ne mai kalarsa daga kamfani zai yi amfani dashi, irin MDF ko HDF da aka lulluɓe fuskarsa, ko kuwa fenti zai fesa. Mai kalarsa yafi juriya amma iya kalolin da ke kasuwa zaki zaɓa kuma in kin gaji dashi sai dai a canja marafe. Na feshi kuwa duk kalar da kike so za'a haɗa miki, bayan wasu shekaru a sake fesa wata, sai dai yana ɓarewa a kusurwa in ana yawan bugunsa, kuma kyansa ya dogara ne kacokan kan hannun mai feshin.

Haske shima yana canja kala fiye da yadda mutane suke zato. Ƙwan fitilar da muka fi sawa a gidaje farin nan ne ƙal, in kin duba kwalinsa zaki ga an rubuta 6500K, yana da ɗan shuɗi shuɗi, yana sa ruwan toka ya ƙara sanyi kamar asibiti, ya kashe ɗumin kalar katako. Mai 2700K ko 3000K kuma ja-ja ne irin na ƙwan da, yana ƙawata katako da ruwan madara amma yana iya maida nebi ya koma kamar baƙi, fari kuma ya koma ruwan ƙwai. Na 4000K yana tsakiya kuma ni shi nafi so a kicin, kina ganin kalar miya yadda take. Duk wanda zaki saka dai ki saka shi kafin ki yanke kala, kuma ƙwayayen kicin ɗin su zama iri ɗaya, kar na silin ya zama fari na saman ailan ya zama ja. Ki lura da taga ma, wadda ke kallon gabas tana kawo rana da safe, ta yamma kuma tana kawo jan hasken la'asar mai zafi wanda in yana sauka kai tsaye kan gefe ɗaya na ailan shekara da shekaru zai iya koɗar da wajen. Kuma ki tuna ba kullum wuta take ba, kicin ɗin da tagarsa ƙarama ce in aka ɗauke wuta da rana, ailan mai duhu sai ya ƙara masa duhu.

Duk wannan bayanin a aikace abu ɗaya ne zai tabbatar miki dashi, samfur. Kar ki zaɓa daga waya, kowace waya da yadda take nuna kala, kar kuma ki zaɓa daga ɗan littafin nan mai guntaye kamar akwatin ashana. Ki sa kafinta ya kawo miki ragowar allo mai ɗan girma, kamar faɗin tire, kala biyu ko uku da kike tunani, su irin waɗannan guntayen basa rasa su a shago, ko kuma in kina da hali ki je da kanki inda ake saida allunan, masu Kano sun san 'Yan Katako ta Na'ibawa, masu Abuja akwai Dei-Dei da Kugbo, a Kaduna ga Panteka. In kin kawo gida kar ki kwantar dashi a kan tebur, ki jingina shi a tsaye a tsakiyar kicin daidai inda ailan zai zauna, ƙasansa na taɓa tayil, ki ɗora guntun dutsen a samansa, domin a tsaye marafen zasu kasance kuma haske baya sauka a kan abu na tsaye kamar yadda yake sauka a kan na kwance, kusan kullum zaki ga ya fi duhu. Ki kalle shi da hantsi, ki kalle shi da la'asar, ki kalle shi da dare an kunna fitila, ki koma bakin ƙofa ki hango shi daga nesa. Ki barshi kwana uku ba tare da an goge ba kiga yadda ƙura take zama a kai. Sannan ki ɗiga masa manja da ɗan zoɓo da kori, ki bari ya kwana, da safe ki goge da sabulu kiga wanda ya fita da wanda ya bar shati. Wannan ɗan gwajin na kwana uku yafi duk shawarar da wani zai baki, har da tawa.

Ga amare kuma akwai wani abu da ake mantawa, kayan jere. Iyaye sun riga sun sayi kuloli da tukwane da setin roba da su bilenda, sau da yawa an ma zaɓi kala tun kafin a ga gidan, ja da baƙi, ko ruwan gwal da fari, ko ruwan hoda. Shi kuma ango can yana ta haɗa kicin da kafinta bai san me aka saya ba, ranar jere sai a zo a tarar ailan kore ne kaya kuma jajaye, 'yan jere su yi ta juya kaya an rasa inda za'a sa su yi kyau. Magana ɗaya a waya zata hana wannan, a tambayi ɓangaren amarya wace kala suka bi. In kayan masu kala ne sosai a bar ailan ɗin shiru, katako ko ruwan toka ko ruwan madara, kayan su yi adon. Kuloli ana canja su bayan shekara biyu uku, kabinet kuwa yana nan, dan haka kar a biye ma kalar kula a yi ailan ruwan hoda.

Hannun durowa da famfo da fitilar da ke rataye a sama, ki yi ƙoƙari ƙarfensu ya zama dangi ɗaya. Ruwan gwal yana hawa nebi da kore, baƙi yana hawa katako da fari, silba kuma kusan komai. Kujerun zama kar su zama kala ɗaya sak da jikin ailan in ba haka ba sai su ɓace a ciki. Sai ƙasan ailan ɗin, ɗan dandamalin nan mai kamar santimita 10 da ke taɓa tayil, ki ce a sa na alminiyom ko roba mai duhu, kar a sa allo, domin MDF in ruwan mofa yana taɓa shi kullum kumbura yake, kuma fari a wajen nan baya wata ɗaya bai yi baƙi ba.

In kin gama yanke shawara, kar ki tsaya a cewa kafinta "ruwan toka" ko "kalar katako" da baki, ruwan toka kala nawa ne a kasuwa. Ki sa ya rubuta suna ko lambar allon a takardar yarjejeniya, ki riƙe guntun samfurin a wajenki ki sa hannu a bayansa, ranar da aka kawo kaya ki gwada kafin a fara ɗaurawa. Ki ce a sayi allunan ailan ɗin gaba ɗaya lokaci guda a shago guda, su allunan ƙafa 4 ne da ƙafa 8, shi kafinta ya san guda nawa zasu isa, saboda ko lamba ɗaya ce in ba zuwa ɗaya suka yi ba ana iya samun ɗan bambanci, kuma a ailan da ake gani ta kowane gefe bambancin baya ɓuya. Ki duba tef ɗin da ake liƙawa a bakin allo shima ya zama kalarsa ce, ba wanda ya ɗan yi kama ba. In mai zanen katako ne ki faɗa masa layukan su bi hanya ɗaya, ko duk a tsaye ko duk a kwance, har da bayan ailan ɗin wajen da ake zama, kar ya rufe can da farin allo yace ai baya ne, shi ailan bashi da baya, galibi ma wannan gefen ne mai shigowa yake fara gani. Sannan ki roƙe shi ya bar miki ragowar allo ko rabin guda ne da ɗan tef, ki ajiye a sito wajen da ruwa da gara basa kaiwa, ranar da marfi ɗaya ya lalace ba sai an zaga kasuwa ana neman kalar da ƙila an daina kawowa ba.